Ɗaurin Hajara

Ina zaune a kan keke a shagona na unguwar Hindawiyya, ina harhaɗa wuyan wata jallabiya, sai wayata ta yi ƙara. Ranar Alhamis ce, an jima da idar da la'asar. Da na ga sunan Sa'adiyya, 'yar Malam Isiyaku tilo, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne an sake kama mahaifinta. Shekaru da yawa sun shuɗe tun wancan kamun, amma har yau in wayar gidansu ta shigo mini a lokacin da ban saba ba, can zuciyata take fara zuwa.

"Ammi Habu, ta'al dahin. Zo yanzu. Baba ya rasu."

A nan Jidda aka haife ta, in hankalinta ya tashi Larabci ke riga Hausa fitowa daga bakinta. Ammi take kirana, wato baffa. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na miƙe, na bar jallabiyar maƙale a bakin allura. Ban san yadda na isa unguwarsu, Bani Malik, ba. Gidan Malam yana manne da warsharsa ta gyaran lagireto, kuma a ɗan ɗakin da ke tsakaninsu na same shi, an kwantar da shi an lulluɓe. Sa'adiyya ta ce tana wanke-wanke tana jin kiɗansa kamar kowace Alhamis, sai kiɗan ya tsaya a tsakiya, ta ji ƙarfe ya faɗi ya gangara a kan siminti. Ta shigo ta tarar da shi jingine da bango, jitar tana kwance a kan cinyarsa.

Jitar tana nan a kan tabarma inda ta ajiye ta. Na dube ta, na ga abin da ban taɓa gani ba a shekara talatin da 'yan kai da na yi tare da shi. Malam ya tashi daga kiɗa ya bar tsirkiyoyinta shida a ɗaure.

Yawancin waɗanda suka sallaci gawarsa sun san shi ne a matsayin dattijo mai walda, wanda ba ya mayar da lagireto sai ya tabbatar ko ɗigo ba ya yi. Domin su na rubuta wannan, su san wanda suka binne. Na kuma rubuta shi domin mutum ɗaya, wanda na san ko bai karanta ba za a kai masa. Zan faɗi alherin Malam, zan kuma faɗi abin da aka yi masa. Malam mai haƙuri ne. Ni tela ne kawai, ban kai shi ba.

Mutumin ƙasar Zazzau ne, ɗan makaɗin garaya mai yi wa maharba kiɗa. Yana saurayi ya tafi Jos ya koyi walda, a can ya shiga wata ƙungiyar makaɗa, wani mutumin Gana ya koya masa irin jitar da ake kwantarwa a cinya. Daga baya ya zo aikin hajji da matarsa, Inna Hajara, suka yi zamansu ba takarda, kamar yadda da yawanmu muka yi. Haɗuwata da shi ta ɗinki ce. Ya shigo shagona da yadin tamfal, ya ce in ɗinka masa jaka. Na tambaye shi ta mene ne, ya kalli ƙofa, sannan ya ce, "Ta jita ce. Amma ka yi ta yadda duk wanda ya gan ni da ita zai ce kayan aiki ne." Na ɗinka mata kusurwa huɗu da aljihun sifana a waje. Ranar da na kai masa, ya buɗe wani tsohon bargo ya fito da ita, ya kwantar a cinya don a gwada awo, ya ɗan taɓa ta. Ban koma shago ba ranar nan sai da aka kira magariba.

Da hannunsa ya ƙera ta. Gangar jikin daga tagullar tsofaffin lagireto ya yanko ya haɗa, ga layin waldar nan ana gani har yau. A cikinta, ƙarƙashin wani murfi mai ƙananan huji, akwai faranti na alminiyam wanda ya yi daga murfin tukunya, ya yi ta bugu yana karta har ya zama in ka hura masa iska sai ya yi rawa. Wannan farantin shi ne maƙogwaron jitar. Kansa tsirkiyoyin suke hawa, shi yake ɗaukar ƙaramin sauti ya cika ɗaki da shi ba tare da lantarki ba. Kuma duk nauyin tsirkiya shida a kansa yake sauka. Saboda haka Malam bai taɓa ajiye ta a ɗaure ba. Ko kiran salla aka yi, sai ya murza kunnuwan nan shida ɗaya bayan ɗaya, tsirkiyoyin su saki, kafin ya tashi alwala. Yakan ce, "Ita ma ma'aikaciya ce. In ta gama aiki a kwance mata ɗamara."

Mai jita ta yau da kullum rungume ta yake yi, yana danna tsirkiya da yatsu. Malam kuwa ya ɗaga tsirkiyoyinsa sama da guntun ƙashin raƙumi, yatsa ba ya danna komai. Hannunsa na hagu yana riƙe da wani sulɓaɓɓen ƙarfe da ya ciro daga fistin ɗin mota, yana zamar da shi a kan tsirkiyoyin. A babban yatsansa na dama da biyun da ke biye yana sa faratan da ya yanko daga gwangwanin madara. Darasina na farko wata guda ya ɗauka, kuma magana ɗaya ce: "Kada ka danna, Habu. Ɗora kawai. Ƙarfe ya san nauyinsa." Na biyu ya fi wuya. In ƙarfe yana tafiya, tsirkiyoyin da ba ka so su ma sai su yi ta surutu, dole ƙananan yatsun hagu su bi bayan ƙarfen suna shafe su, gefen tafin dama kuma ya sauka ya kashe kowace murya da zarar ta gama faɗin abin da ya kawo ta. "Hagu yana tafiya, dama yana rufe ƙofa," in ji shi. Shekara biyar na yi ina koyon rufe ƙofa. Yakan yi mini dariya ya ce in dai don yin shiru ne, babu kamata a Jidda.

Ba ya son gaggawa. Yakan hau sauti daga ƙasa sannu a hankali, ya tsaya daidai a kansa, ya ɗan girgiza ƙarfen kaɗan, jitar ta yi kamar mutum yana rera waƙa da baki a rufe. In almajirinsa ya cika zame-zame ba dalili, sai ya ce wa ya taka wutsiyar kyanwa. Bai taɓa karɓar komai a hannun wanda ya zo koyo ba. Inna Hajara ce ma take ciyar da mu tuwo duk Alhamis, a cikin wata babbar tukunya da ta taho da ita tun daga gida.

Shekara biyu bayan na fara, Tanimu ya zo. Direban wani gida ne a unguwar Sharafiyya, yana da kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya masa, yana da iƙama, takardar izinin zama, a aljihu, abin da ni da Malam ba mu da shi. Ba zan rage masa komai ba: Allah Ya ba shi kunne. Abin da nake wata ina fama da shi, shi yamma ɗaya ta ishe shi. In aka shara tsirkiya shida sau ɗaya a gabansa, zai ɗauki wata jitar ya ɗaure ta daidai ba kuskure. Malam ya so shi ƙwarai. Da hannunsa ya yanka masa farata, ya koya masa ɗaurin da ya taho da shi daga Jos, wanda in ka shara tsirkiyoyin haka kawai ba ƙarfe suna fitar da amo ɗaya mai daɗi. Ya koya masa kiɗe-kiɗen garayar mahaifinsa da ya juye a kan jita. Tanimu ya ci tuwon Inna Hajara shekara huɗu, yana kiranta Inna, tana ƙara masa miya.

Daga nan ya sayi jita mai lantarki, ya shiga wani ɗaki ya ɗauki kaset. Zamanin kaset ne, ya bazu a tsakanin mutanenmu, alhazai suka tafi da shi gida. Hotonsa ne a bango, sunansa ne a ƙasa, kiɗan kuwa tun daga farko har ƙarshe na Malam ne. Na kai wa Malam kaset ɗin. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ya yi sauri a na biyu." Iyakar abin da ya ce ke nan. Sai dai tsofaffin matan Hindawiyya ba a yi musu wayo. A wani biki aka sa kaset ɗin, wata ta ce da ƙarfi, wannan ai kiɗan Isiyaku mai lagireto ne. Magana ta yaɗu, masu biki suka fara aiko wa Malam.

Ba a yi wata biyu ba masu duba takarda suka zo warshar, ranar Alhamis. Ba su tsaya a kan kowa ba. Suka wuce kai tsaye ɗan ɗakin nan, suka ce ina mai jitar ƙarfe. Aikinsu suka yi, ban riƙe su da komai ba. Jitar ta tsira ne saboda zif ɗin jakarta ya lalace, tana shagona. Aka kai Malam gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora gida, da kayan aikinsa a jiki, daga can aka sa shi a jirgi zuwa Kano. Inna Hajara da Sa'adiyya, wadda lokacin ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, suka saura.

A nan zan faɗi nawa laifin. Bayan mako guda Tanimu ya zo shagona fuska a ɓace, ya ce in ba shi aron jitar ya ɗauki kiɗan Malam da ita don kada a manta da shi. Na ba shi. Ya dawo da ita bayan wata guda. Ya ɗaure ta tamau, ya bar ta a but ɗin mota cikin zafin da kowa ya san Jidda da shi, farantin ya lotsa. Na taɓa tsirkiya ɗaya, ta yi ƙugi kamar ƙuda a cikin gwangwani. Na ɗago na dube shi. Ko a jikinsa. Ya gyara hula, ya ce, "Habu, garin nan bai isa mai jitar ƙarfe biyu ba." Ya yi dariya ya fita. In ban da iyalin gidan, mu uku kaɗai muka san ɗakin nan da ranar nan: ni, da shi, da Malam. A nan na gane wanda ya tona. Na zauna a kan keke na kasa taka shi har yamma.

Inna Hajara ta koma sayar da gyaɗa da kunu a bakin titi, cikin rana, ga hawan jini, ga tsoron zuwa asibiti ba takarda. A shekara ta biyu ta faɗi, ba ta tashi ba. Matata ta ɗauki Sa'adiyya. Tanimu bai zo gaisuwa ba, ranar yana kiɗa a wani biki.

Shekara uku Malam ya yi kafin ya samu dawowa ta hanyar umra. Daga tashar mota maƙabarta ya fara wucewa. Kun san yadda kaburburan nan suke, ba suna ba alama. Mai gadi ya nuna masa wani fili da hannu, ya ce a nan wajen ne, wallahu a'alam. Ya tsaya ya yi addu'a ga filin gaba ɗaya. Sannan ya zo shagona da 'yar leda a hannu, ya rungume 'yarsa. Da na fito da jitar na faɗa masa abin da na yi, ina jira ya tsine mini, sai ya buɗe murfin ya dubi lotsattsen farantin, ya ce, "Ina tukunyar Hajara?" Matata ta adana ta. Ya ɗauki murfin tukunyar da muka ci tuwo a cikinta shekara da shekaru, ya yi kwana goma sha yana bugunsa. Farantin da ke cikin jitar yanzu shi ne. Babu wani irinsa, ba kuma za a sake yi ba.

Bai ƙara kaɗa ɗaurin Jos ba. Ya ce an ɗauke shi, a bar wa wanda ya ɗauka. Wata da watanni yana zaune yana murza kunnuwa, yana sauya wa tsirkiyoyi wuri, har ya fito da wani sabon ɗauri. Manyan biyu ya daidaita su da muryar garayar mahaifinsa. Siririyar da kowa yake sa wa can nesa, shi ya dawo da ita kusa da cikinsa. Ɗaya kuma ya sauke ta kaɗan, ba ta kai wannan sauti ba, ba ta tsaya a wancan ba, irin wurin da masu kaɗa udu, garayar Larabawan Hijaz, suke tsayawa su sa mutum ya ji kewar abin da bai ma sani ba. Ya sa masa suna ɗaurin Hajara. A wannan ɗaurin ba ya ɗora ƙarfe a miƙe sai jefi-jefi. Karkata shi yake yi, kai a gaba gindi a baya, ya kama tsirkiya biyu a wurare daban a lokaci guda. Saboda haka mai saurare daga nesa, komai kaifin kunnensa, ba zai gane wane sauti ne na ɗauri wane ne na karkatar ƙarfe ba. Hanya ɗaya ce: ka ji an shara tsirkiyoyin shida a jere, ba ƙarfe a kansu.

Shekara biyu na yi kafin ya zauna mini a kai. Ni kaɗai ya koya wa, ba don rowa ba, sai don babu wanda ya sake zama.

Ranar sunan ɗan Sa'adiyya na fari, mijinta ya ɗauki Malam da waya yana kaɗa shi. Abin ya bi wayoyin mutane har ya isa kunnen Tanimu. Lokacin an daina sayen kaset, masu biki sun gaji da kiɗan da ya sata, domin bai taɓa ƙara ko tsinke a kai ba. An ce ya yi ta maimaita bidiyon nan yana murza kunnuwan jitarsa har tsirkiya tana tsinkewa. Sau uku ya aiko a roƙi Malam. Sau uku Malam ya ce, "Ku ce masa ƙofar ba kwaɗo. Ya zo da ƙafarsa." Bai zo ba. Na ce wa Malam, wallahi in ya zo ni zan fara tare shi. Ya dube ni ya ce, "A'a. Ko bayan raina ne, in ya tsaya a gaban Sa'adiyya ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ka ba shi. Ka ji ko?" Na ce na ji. Amma ban ce na yarda ba, shi ma bai tambaye ni ba.

Bayan jana'iza na kai hannu zan kwance jitar, Sa'adiyya ta riƙe ni. "La, Ammi. Bar ta. Hannun Baba ne a kai." Na gane. Abu na ƙarshe ke nan da yatsunsa suka yi a duniya. Na bar ta, amma kwana ukun nan ko abinci nake ci ina tuna murfin tukunyar Inna Hajara yana ɗauke da nauyin tsirkiya shida a cikin wannan zafi.

Ranar uku, bayan la'asar, ana zaune a kan tabarmi a ƙofar warsha, sai ga Tanimu. Ya yi ƙiba, gashi ya yi fari, farar jallabiya sai ƙamshin turare. Ya bi layi yana miƙa hannu yana "Azzamallahu ajrakum." Ya zauna ya share ido da hankici. Bai yi minti goma ba ya matso kusa da ni.

"Habu, an ce jitar tana hannunsa ya cika."

Na ce haka ne.

"An ce ba a taɓa ta ba tun ranar."

Ya ce yana so ya gan ta, ya yi mata bankwana, tunda shi ma a kanta ya koya. Na kalli hannunsa na dama. Babban yatsansa yana ta shafa na kusa da shi, kuma akwai wani ɗan abu da ya yi tudu a aljihun ƙirjinsa. Na san faratan kiɗansa ne, na ga ranar da aka yanka su. So yake ya shara ta sau ɗaya ya ɗauke ɗaurin. Mutumin da ya ƙi zuwa wajen Malam yana raye ya zo wajen tsirkiyarsa kwana uku da binne shi. Na ce masa, "Taso."

Na aika aka kira Sa'adiyya. Muka shiga ɗan ɗakin mu uku. Na zauna a kan tabarma na ɗora jitar a cinyata, ya tsuguna a gabana, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa cikin baƙar abaya. Ya ce mata, "Sannu 'yata, ya haƙuri?" Ba ta ko dube shi ba.

Na ce, "Tanimu, akwai saƙon Malam. Ya ce in ka faɗi abin da ka yi masa, da bakinka, a gaban wannan, in ba ka ɗaurin. To ga ta, ga ka. In ka faɗa, ni da kaina zan shara maka."

Na isar da amana, Allah shaida ne, ban rage harafi ba. Amma zan faɗi gaskiyar abin da ke zuciyata, tunda a gaban mamaci nake magana. Duk lokacin da ya yi shiru yana kallon ƙasa, ni addu'a nake yi kada ya faɗa. Na ga leɓensa ya motsa. Na tuna Inna Hajara a bakin titi da bokitin kunu, na tuna Malam tsaye a gaban filin da ba alama, na ce ya Allah Ka riƙe harshensa.

Ya ɗago ya yi ɗan murmushi. "Haba Habu, wannan ai tsohon zance ne. Halas, ya wuce. Wanda ba shi da iƙama ko yau ko gobe ne, kowa ya sani. Ƙaddara ce. Sau ɗaya kawai, in ji muryarta."

Ban taɓa jin daɗin maganar mutum kamar wannan ba. Na juya na dubi Sa'adiyya, domin ba ni da ikon taɓa abin da ta hana. Hawaye yana bin fuskarta, ta ce mini:

"Fukkaha, Ammi. Kwance ta."

Tsirkiya in ana kwance ta takan yi 'yar ƙara, kuma kunne irin na Tanimu wannan ma ya ishe shi. Sai na shimfiɗa gefen tafin damana a kan duka shidan, na rufe ƙofa kamar yadda aka koya mini shekara biyar. Na kama kunnen farko da hagu na murza. Tanimu ya ce, "Habu." Na kama na biyu. Ya miƙo hannu, na ɗago na dube shi, ya janye. Ban yi sauri ba, Malam ba ya son gaggawa. Na uku, na huɗu, na biyar. Ta ƙarshe ita ce wadda aka sauke kaɗan, wadda ya yi shekaru yana nema, na daɗe ina murza ta ina kallon tsakiyar idonsa. Ko ƙis jitar ba ta yi ba. Da na ɗaga hannu, tsirkiyoyin suna kwance lakwas a kan ƙashin raƙumi.

Na ce, "Ga ta nan. Yi mata bankwana."

Ya miƙe, gwiwarsa tana ƙara. Ya ce na kashe kiɗan da hannuna, Allah zai tambaye ni. Na ce masa kiɗan yana nan a kaina lafiya lau, kuma in ana maganar wanda Allah zai tambaya, shi ne a gabana a layi. Sa'adiyya ta matsa ta ba shi hanya. Ya fita bai yi wa mutanen ƙofa sallama ba.

Sai da ya tafi muka san abin da muka yi. Mun warware abu na ƙarshe da hannun Malam ya ɗaura, ba kuwa za a sake ɗaura shi ba. Zan iya mayar da ɗaurin gobe, amma hannun tela ne zai yi. Muka zauna ni da ita muna kuka kamar yanzu aka fita da gawar. Da na samu natsuwa na kwance sukurorin murfin na leƙa. Farantin Inna Hajara yana nan garau, bai lotsa ba. Sa'adiyya ta shafa shi da ɗan yatsa, ta ce in an yi arba'in tana so in fara koya mata. Na ce sai ta shirya, wata guda za ta yi tana koyon kada ta danna.

Wasu dattawa sun ce mini abin da na yi bai dace da zaman makoki ba, Malam da kansa da ya yafe. Wataƙila. Na san shi, mai yiwuwa da ya shara masa ya ce je ka. Ni ban yafe ba, kuma ba zan yi wa Ubangijina ƙarya in ce na yafe ba. Tanimu, in wannan ta iso ka, ga addu'ata gare ka, da zuciya ɗaya nake yin ta: Allah Ya ja kwananka, Ya kiyaye maka wannan kunnen naka kada ya dushe, ka yi ta jin ɗaurin Hajara a wayoyin mutane har tsufanka, kana gane kowane sauti, kana rasa inda yake.

Shi kuwa Malam Isiyaku, ya Allah, bawanka ne, ya zo ɗakinka baƙo ya ƙare kwanansa baƙo, bai ci haƙƙin kowa ba, nasa aka ci ya haɗiye. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka haɗa shi da Inna Hajara a inda ba mai tambayar takarda, ya gan ta da idonsa, ba sai an nuna masa fili ba. Ka ba Sa'adiyya da mijinta da 'ya'yansu haƙurin wannan rashi, Ka rufa musu asiri a ƙasar da aka haife su, Ka raya zuriyarsa a kan alheri. Ni ma Ka yafe mini abin da na roƙa a zuciyata ranar nan, in laifi ne. Ya yi aikinsa ya gama, ya Ubangiji, Ka kwance masa ɗamara ya huta. Amin.